Tambaya da Amsa: Mun je wayar da kai, an ce mu kawo bohol

Tambaya: Salamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni ɗaliba ce a wata jami'a a Kano, mu goma sha biyu muke aikin sa kai da wata ƙungiya kan tsaftar ruwa da banɗaki. Asabar ɗin da ta wuce munje wata unguwa a bayan gari da rigunanmu iri ɗaya da fosta, muna cikin bayani wata tsohuwa ta katse mu tace in bohol muka kawo to bismillah in kuma surutu ne suna da rediyo, wlh kowa ya fashe da dariya jikinmu yayi sanyi. Yanzu rabinmu sunce bazasu koma ba. Dan Allah ya zamuyi? Daga ƙanwarki a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Nima sai da na dara, kuma fa tsohuwar nan tana da gaskiyarta, matar da kullum sai ta ƙirga kuɗin jarka wajen ɗan garuwa ki zo da sabuwar riga kina ce mata ta yawaita wanke hannu, ai dole ta ce da wane ruwan.

A wasiƙarki banji sunan mai unguwa ko limami ba. Ku fara gaishe su, su haɗa ku da wanda zai zaga da ku. Mazanku su tsaya a majalisa da ƙofar masallaci, ku mata ku shiga cikin gida tunda can ruwan yake kwana.

In kin shiga aje fostar nan, ki nemi ruwan sha kawai ki zuba ido. Zaki ga randa ba murfi, moɗa a ƙasa, yaro ya fito daga bayi ya ɗauke ta ya zurma har gwiwar hannu, to ko ruwan bohol aka zuba ciki ya riga ya ɓaci. Murfi, da moɗa mai dogon hannu a rataye ta a ƙusa, sabulu a bakin masai ko toka in babu, wannan duk baya jiran gwamnati. Ki kuma tambaye su ko suna sa alam a ruwa, da yawa sun ɗauka tunda ruwa ya kwanta yayi garau shikenan, alhali datti kawai yake kwantarwa baya kashe ƙwayar kwalara, sai an tafasa ko an sa kulorin an jira minti 30. Rijiya kuma ana so ta nisanci masai da kamar mita 30, abin da a gidajenmu na cikin gari da wuya ka samu, shi yasa ruwan rijiya nake cewa a tafasa kawai musamman da damina.

Abin da zai sa iyaye mata su riƙe ki shine ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki haɗa a gabansu su ɗanɗana, ki ce in amai da gudawa yayi yawa ana bawa yaro ana tafiya asibiti.

Maganar bohol kuwa kar bakinki ya kuskura yayi alkawari. Ku zauna da mai unguwa ku rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma da RUWASSA, wato hukumar jiha mai kula da ruwan sha da tsafta a karkara, ku ɗalibai ku dinga bin sawunta. Kuma ki tuna wa waɗanda suka karaya cewa Jigawa nan maƙwabta ita ce jihar farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, da bin gida gida aka kai nan.

Ran Asabar gidan tsohuwar nan zaki fara zuwa, da ɗan goronki, ki durƙusa ki gaida Iya ki roƙe ta ta raka ki gida uku.