Amsa ga ƙanwarmu mai son karatun tsara gari

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata, tun shekaranjiya na ga tambayarki, na bari sai na samu zama don ba maganar da ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Kin ce kin samu bak bana, kuma kina son karatun tsara birane saboda abin da kike gani kullum tsakanin unguwarku ta Ali Ɗan Sofo, nan Maradi, da makarantarku: mai tafiya ƙasa ba shi da inda zai sa ƙafa, kabu-kabu ta gaba, adaidaita ta baya, yaran unguwarku ba su da filin wasa sai tsakiyar hanya. Baba kuma ya ce ki yi jeni sibil, wato karatun injiniyan gine-gine da hanyoyi, don shi ke da aiki. Kina son sanin ko akwai abinci a wanga fanni, da inda ake koyon shi.

Barka da samun bak, Allah shi sa albarka. Na daɗe cikin wanga aiki. Na fara a sashen ayyuka na wata meri, daga baya na koma ofishin nazari mai zaman kansa, don haka abin da idona ya gani zan gaya miki.

Akwai abinci, amma ba da sunan da kike kiran shi ba. Ba za ki taɓa jin sanarwa a rediyo ana neman mai gyara wa masu tafiya ƙasa hanya ba. Aikin yana kwance cikin wasu ayyuka: yankan filaye, ginin kanibo (magudanar ruwa), shimfiɗa fabe (bulon daɓen hanya), gyaran kasuwa da tasha. Wanda ke zaune a teburin da ake zana waɗannan shi ke yanke ko tsohuwa za ta iya zuwa asibiti da ƙafa, ko sai ta nemi kuɗin kabu-kabu. Teburin nan nake so ki nufa.

Mafi girman su duka yankan filaye ne, abin da muke ce wa lotisma. Ranar da anka ɗauki gonakin bayan gari anka zana su a takarda, ranar ce ake rubuta rayuwar unguwa ta shekara hamsin. A takardar ake ware faɗin kowace hanya, a bar wurin makaranta, wurin asibiti, masallacin Juma'a, kasuwa, filin shan iska. A lokacin ba kowa a wurin sai kara da awaki, shi ya sa mutane ba su ganin darajar filin da anka bari babu gini. Kowa gani yake an yi asarar kare goma, wato filin gida goma, da za a sayar. Sai bayan shekara goma sha biyar, gidaje sun cika maƙil, sannan a tashi neman inda za a yi sallar Idi ko inda yara za su buga ƙwallo, a tarar babu, kuma ba mai iya rushe gidan mutum don ya samar da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai tun da na fara aiki, a kan haka ne. A wani gari munka yi lotisma, na tsaya tsayin daka sai da anka bar fili babba a tsakiya, inda hanyoyi huɗu sunka haɗu, da wani tsohon gawo a cikinsa. Munka kafa duwatsun iyaka da hannunmu. Bayan shekaru na koma wurin don wani aiki, na tarar an yanka shi kare-kare, an gine, gawon ma an sare. Ba a rana ɗaya anka cinye shi ba. Wani ya fara kafa rumfa a gefe, wani ya jibge bulo, daga baya takardu sunka fito. Na tsaya a wurin na kasa magana. Da na zauna na yi tunani sai na gane inda munka gaza: mu kaɗai munka san filin na jama'a ne. Mai unguwa bai sani ba, liman bai sani ba, samarin da za su yi wasa a ciki ba su sani ba. Tun daga ranar, duk filin da na ware sai na kai takardar gaban mai unguwa, na tara matasa an kafa ragar ƙwallo ko da ta icce ce, an dasa bedi a kewaye an ba wasu gidaje amanar ban ruwa. Filin da ake wasa cikinsa kowace la'asar yana da masu tsaron shi, mai son ya ci shi sai ya yi shawara da ransa.

Ki duba garinmu ma, ki ga yadda zanen rana ɗaya ke bin jikoki. Tsohon Maradi a fadama yake, bakin Gulbi. Ambaliyar 1945 ce ta cinye shi, anka hau da gari bisa tudu, anka zana hanyoyi miƙaƙƙu masu faɗi da babban fili a ƙofar fadar Sarki. Har yau wannan faɗin muke ci. A ƙidayar 2012 mutanen birnin sun haura 267,000, kuma kowa ya san yadda gari ya miƙe tun daga lokacin. Matsalarmu ba ƙarancin wuri ba ce kamar lungunan tsohon birnin Kano. Faɗin yana nan, rabon shi ne ba a yi ba. A zuba gudro a tsakiya don mota, sauran a bar shi rairayi, sai mai shago ya fito da rumfa, mai walda ya baje ƙarafa, mai gini ya sauke yashi da tsakuwa, tirela ta kwana. Mai tafiya ƙasa, wanda shi ne mafi yawa, sai ya hau gudro ya yi kasada da ransa. Lokacin Maradi Kwalliya, da anka yi bikin 18 ga Disamba na 2015 a nan, an samu sababbin hanyoyi kuma gari ya canza fuska, amma cikin unguwanni aikin da ya rage ya fi wanda anka yi yawa nesa ba kusa ba. Ga kuma layin dogo da ake shimfiɗowa daga Kano ta Katsina da Jibiya. Duk inda tashar ta zauna unguwa za ta tsiro a kewayenta, kuma wani ne zai zana ta.

A makaranta za a nuna miki hotunan biranen Turai. Za ki ji labarin Kopenhagen, babban birnin ƙasar Danmak, inda anka hana mota shiga babbar hanyar kasuwancin tsakiyar gari tun 1962. Ki koya, akwai ilimi a ciki, musamman yadda suke zama su ƙirga mutane kafin su zana komai. Amma ki riƙe cewa a Maradi abin da ke hana mutum tafiya ƙasa na farko rana ce. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya wuce digiri 40, hanya komai kyan daɓenta in babu inuwa ba mai bin ta da azahar. Layin bedi ya fi siminti amfani ga mai tafiya, kuma ya fi araha. Na biyu rairayi: mita 400 da mutum ke yi cikin minti 5 a ƙasa mai tauri, ki gwada ta cikin yashi da tulu a ka, ko ki kalli mai ga-ruwa yana tura kura, ko mai keken guragu. Na uku ruwan damina, da kanibo buɗaɗɗe wanda shara ta toshe, yaro ya faɗa ciki da dare. Kanibon da anka rufe da dalle, wato murfin siminti, mai ƙarfi shi da kansa ya zama hanyar ƙafa, kuɗi ɗaya aiki biyu. Irin wannan ƴar dabarar ce ke shiga cikin furoje in akwai mai tunanin ta a teburin, in babu kuma ta wuce har abada.

Sai masu sana'ar bakin hanya. Nan ne sababbin ma'aikata ke yawan kuskure. Suna fitowa makaranta da zane mai tsabta, sai su ga mai ƙosai da mai shayi da mai tsire kamar datti ne da za a share. Ni ban yarda da haka ba ko kaɗan. Hanyar da ke da mai shayi da fitilarsa, da fadar samari a kan tabarma, da dattawa bisa dakali, ita ce wadda yarinya ke iya bi bayan isha'i hankalinta kwance. Hanyar da anka share tas, katanga hagu katanga dama, ita ake tsoro. A wani aikin fabe da munka yi, kafin mu ja layi ko ɗaya sai da na yi kwana uku ina zama bakin hanyar da littafi, daga asuba zuwa dare. A nan na gane cewa matan da ke tuya suna zama ɓangaren gabas da safe saboda inuwar katanga, su ƙaura yamma bayan azahar, kuma ƴan makaranta duk a wuri guda suke tsallakawa, daidai bakin famfo. Sai munka bar wa masu tuya gurbi a ɓangarorin biyu, munka ɗaga hanyar a bakin famfon don babur ya rage gudu dole. Hukumar lafiya ta duniya tana ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane da ababen hawa ke cakuɗe, kuma allo ba ya sa ɗan kabu-kabu ya taka birki, ginin hanyar ke sa shi. In kina son ganin aikin ƴar ƙasarmu da ta fahimci wannan, ki nemi hotunan kasuwar Dandaji a jihar Tawa, wadda Mariam Issoufou ta zana: ta bar tsohon iccen da ake cin kasuwa a gindinsa, ta kewaye shi da rumfuna da inuwar faifan ƙarfe masu launi.

Maganar makaranta kuwa, ƙofofi suna da dama. A Damagaram, IUT, wato cibiyar koyar da fasaha ta jami'ar André Salifou, tana da sashen tsara ƙasa da birane. A Lome ta ƙasar Togo akwai EAMAU, makarantar da ƙasashen Afirka da dama har da Nijar sunka haɗu sunka kafa don horar da masu zanen gini da masu tsara birane. Da konkur ake shiga, kuma sai an yi shiri sosai a lissafi da zane. Wasu ta labarin ƙasa suke biyowa a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sannan su ƙware daga baya. In Turancinki na Ingilishi yana da ƙarfi, ABU Zariya da jami'ar Bayero ta Kano duk suna da sashen tsara birane, kuma ba su da nisa da gida.

Kada ki ɗauki maganar Baba a matsayin an tare miki hanya. Yana da gaskiya cewa mai jeni sibil ya fi saurin samun abin yi, kuma ana koyar da shi nan gida a IUT ta jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Na sha ganin mai tsara birane ya kawo shawara mai kyau, injiniya ya tambaye shi ina ruwa zai bi, nawa mita ɗaya za ta ci, ya rasa amsa, shawarar ta mutu nan take. Wadda ta san gangaren ƙasa, ta iya lissafin kanibo da farashin fabe, in ta ce a bar mita biyu don masu tafiya ƙasa ana saurarenta. Don haka in kin yi jeni sibil ko awon ƙasa tukuna, sannan kinka ɗora tsara birane a sama, ba ki yi ratse ba. Ki zauna da Baba ki nuna mishi haka, da ladabi, ina kyautata zaton zai sa miki albarka.

Wurin aiki: meri da ma'aikatar kula da birane, ofisoshin nazari da na masu awon fili, ƙungiyoyi da furojojin da ke aikin ambaliya da tsabtar gari. Shekarun farko akwai wuya, sitaj ne mai ɗan abin mota ko babu, kwangila ta ƙare a zauna jiran wata. Abin da ya riƙe ni a lokacin iya QGIS da AutoCAD ne, manhajojin kwamfuta na zana taswira da zanen gini, don mai iya fitar da taswira mai kyau ba ya rasa wanda zai kira shi. Kuma ki shirya wa matsin lamba. Ranar da kinka riƙe takardar lotisma, za a zo miki da fara'a da alheri a hannu, a ce ki ɗan matsa da iyakar nan, ki ɗan rage hanyar can. Wani lokaci wanda zai zo ɗin babban mutum ne da kike jin nauyinsa. Ki san amsarki tun kafin ranar ta zo.

Kasancewarki mace riba ce babba a wanga aiki. Ni in na je unguwa, iyakata zaure. Abin da maza sunka gaya mini shi nake rubutawa, alhali masu zuwa famfo da injin niƙa da awon ciki da kai yara makaranta, waɗanda sunka fi kowa taka hanyar, suna cikin gida. Ke za ki yi sallama ki shiga har tsakar gida ki ji ta bakinsu. Sau da yawa sai da abokiyar aiki mace muke gano cewa akwai lungun da mata ke kewaye wa saboda duhu ko kwatami, mu kuma a takardarmu shi ne hanya mafi kusa.

Kafin a koma makaranta, ga abin da nake so ki yi. Ki ɗauki hanyar nan taki ta Ali Ɗan Sofo, ki samu ƙanenki ya raka ki, ku zauna wuri guda minti 15 da safe, 15 da azahar, 15 bayan magariba. Ki ƙirga masu tafiya ƙasa, babura, adaidaita, amalanke, motoci, kowane da layinsa. Ki auna faɗin hanyar da taku, ki zana inda inuwa take, inda ruwa ke kwanciya, inda yara ke tsallakawa. Ki yi haka ranar Litinin ko Juma'a da kasuwa ke ci, ki sake yi ranar da ba ta ci. In kin gama ki ɗauki hoton takardar ki turo nan, zan duba ta tare da ke, kuma zan nuna miki yadda ake sa ta a QGIS.