Kayan miliyan 5 sun ƙone, inshora sun ce 3 za su biya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a ba ni shawara. Gobara ce ta tashi a sitona wata biyu da suka wuce, kayan miliyan 5 suka ƙone, kuma ina da inshorar miliyan 6 wadda ban taɓa fashin biyan kuɗinta ba, amma yanzu kamfanin sun aiko wai miliyan 3 za su ba ni, ita ma sai an cire wani abu. Mutumin da suka turo ya duba ya ce kayan da ke siton gaba ɗaya sun kai miliyan 10. Wannan ba cuta ba ce kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba. Abin da zan faɗa ba zai maka daɗi ba, amma wannan miliyan 3 ba daga sama suka ɗauko ta ba. Ɗauko takardar yarjejeniyar taku ka buɗe can wajen sharuɗɗa, shafukan nan masu ƙananan rubutu da kowa ke tsallakewa ya tafi wajen sa hannu, akwai yiwuwar za ka tarar da sharaɗin da ke cewa in ka yi inshorar ƙasa da ainihin darajar kayanka to ku biyu za ku raba asara. Kaya na miliyan 10, kai ka rubuta 6, wato kashi 60 cikin 100 suka ɗauka, sauran 40 kana ɗauke da abinka ba ka sani ba. Kashi 60 na miliyan 5 kuwa 3 ne cif. Wanda za a ƙara cirewa kuma shi ne kason farko na kowace asara, wanda mai kaya ke ɗauka da kansa, shi ma a rubuce yake.

Ni inda nake ganin ejan-ejan da laifi ke nan, da yawansu kwamishonsu kawai suke hange, ba sa zama su warware wa mutum wannan lissafi.

To amma kar ka saduda tukuna, domin duk maganar ta rataya ne a kan miliyan 10 ɗin nan, kuma ƙiyasi ne na mutumin da su suka turo su suka biya shi. Ka nemi rahotonsa a rubuce, ka ga da wane farashi ya yi lissafi, na sari ko na sayarwa, don yawanci kuɗin da ka sayo kayan ake dubawa ba ribar da kake sa rai ba. Haɗa rasit-rasit, littafin shigar kaya da fitarsu, takardun banki. In ka nuna kayan na miliyan 8 ne, kason da za su biya ka ya koma kashi 75 kenan, wato miliyan 3.75.

Kar ka sa hannu a duk takardar da ta ce ka karɓi wannan kuɗi a matsayin biya na ƙarshe, in ka sa ka rufe wa kanka ƙofa. Rubuta ƙorafi ga kamfanin ka riƙe kwafi, in sun yi biris ka kai wa hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora a ƙasarka, lauya ya zo daga baya. In kuwa sharaɗin nan babu shi a takardar, ko an rubuta shi da harshen damo, kotuna da yawa kan fassara irin wannan a kan wanda ya rubuta, wato kamfanin. Ka duba wa'adin shigar da ƙorafi yau ɗin nan, wata biyu sun riga sun tafi.