Shafina yana ɗaukewa duk ranar da na yi talla

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari. Shafina na WordPress yana kan ƙaramar sabar haya, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) gigabait 1. Duk ranar da na yi talla a Facebook sai ya ɗauke, ya ce ya kasa haɗuwa da rumbun bayanai. Yaron da ya haɗa min ya ce in koma babbar saba. In biya?

Amsa: Hajiya, ki ɗan riƙe kuɗinki tukuna, tunda hayar nan duk wata za ki riƙa biyanta.

Abin da ya fi faruwa shi ne, masu saye sun yi wa shafin caa lokaci guda, RAM ta cika, sai Linux, tsarin da ke tafiyar da sabar, ya kashe manhajar da ta fi cin wuri, galibi MySQL, wato rumbun da ke riƙe da odar mutane da farashin kaya. Ki sa yaron ya duba rajistar sabar, inda take rubuta abin da ya faru. In haka ne, ya ware gigabait 1 ko 2 daga faifai a matsayin swap, wato wurin da ke tallafa wa RAM in ta cika, ya sa WP Super Cache, manhajar da ke ajiye shafuka a shirye, domin kada kowane mai leƙowa ya taso rumbun, ya cire ƙarin manhajojin da ba ki amfani da su. Ya duba faifan ma, don in ya cika maƙil da hotunan atamfa, rumbun tsayawa yake. Sai an yi waɗannan kuma bai daina ba, sannan ki hau saba mai RAM gigabait 2.

Amma abin da ya fi damuna ba ki ambace shi ba: kwafin ajiya. Shafi ya ɗauke na awa ɗaya, cinikin awa ɗaya kika rasa. Rumbu ya lalace babu kwafi, littafin bashi da na oda ne suka ƙone gaba ɗaya. A saita mysqldump, manhajar kwafe rumbun, ya riƙa ɗaukar kwafi kowane dare, a tura shi wani wuri daban kamar Google Drive, a ajiye na kwana 14. Kwafin da ke zaune cikin sabar, tare za su tafi. Sau ɗaya a wata ya dawo da kwafin a shafin gwaji a gaban idonki. Da yawa sai ranar buƙata suke gano fayil ɗin fanko ne.

Ki buɗe asusu a UptimeRobot, yana duba shafi duk minti 5 ya turo saƙo in ya faɗi. Kuma asusun sabar da na sunan shafin su kasance da imel ɗinki, ba na yaron ba.