Me Ya Sa Aka Ce In Sake Ɗaukar Hoton Ƙirji?

Tambaya: Assalamu alaikum. An tura ni ɗaukar hoton ƙirji saboda tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da na kawo, likita ya ce bai fito da kyau ba, sai an sake. Laifin na'ura ne, ko mai ɗaukar ne bai ƙware ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi. Na'ura takan yi laifi, amma a ganina an fi ɗora mata abin da ba nata ba. Yawanci matsalar tana faruwa ne a 'yan daƙiƙun da kika tsaya gaban faranti, wato allon da ke karɓar hoton.

Hoton eksire inuwa ce. Hasken yana ratsa jiki, ƙashi ya tare shi ya fito fari, huhu mai cike da iska ya bar shi ya wuce ya fito baƙi. Ki tuna inuwar hannu a bango idan an haska fitila: hannun na nisa da bango, inuwar na ƙara girma, gefenta na dushewa. Zuciya tana gaba-gaba a ƙirji, shi ya sa ake manna ƙirjinki da faranti, a harbo hasken ta bayanki daga nisan santimita 180. Mara lafiyar da ba ya iya tashi kuwa, ta gaba ake ɗaukarsa, daga kusa, sai zuciyarsa ta fito kamar ta kumbura alhali ƙalau take.

Sai numfashi, wanda mutane suka fi rainawa. Idan an ce ki ja numfashi ki riƙe, so ake huhu ya buɗe sosai, har mai karanta hoton ya iya ƙirga haƙarƙarin baya tara ko goma. Idan ba ki ja sosai ba, ƙasan huhun sai ya cunkushe ya yi fari-fari, a yi zaton nimoniya ce, wato ciwon sanyin huhu. Mai tari kamar ke, ko ɗan motsin da tarin ya jawo ya isa ya dusasar da hoton. Karkacewa ma haka: kafaɗa ɗaya ta riga ɗaya, sai ɓangare guda ya fi ɗan'uwansa duhu. Sarƙa, maɓalli, ƙarfen rigar mama, har kitson da ya sauko kan kafaɗa, duk suna fitowa, su rufe wurin da ake son gani.

Shi kuma mai ɗauka, abu biyu yake saitawa: ƙarfin hasken da yawansa. Ƙarfin, da kilobolt ake auna shi. Ƙirjin babban mutum yakan buƙaci wajen 110 zuwa 125, yatsa kuwa kusan rabin haka. Ƙarfi ya gaza, hoto ya yi fari fat, ba a ganin abin da ke bayan zuciya. Yawa ya gaza, hoton ya cika da dishi-dishi. Na'urorin dijital suna gyara haske da duhu da kansu, amma fa ba sa dawo da bayanin da bai shiga ba tun farko. Wani abin da ba na so a kansu shi ne, ko an zuba wa mutum haske fiye da kima hoton yakan fito tas, ba wanda zai lura.

Jiki mai kauri yana watsa hasken ta ko'ina, wannan watsattsen hasken ya lulluɓe hoton da toka-toka. Maganinsa a taƙaita hasken ga wurin da ake buƙata kawai, a kuma sa girid, wato siraran layukan dalma da ke tare hasken da ya kauce hanya. Wani likita mai suna Gustav Bucky ne ya ƙirƙiro shi a 1913.

Kada sakewar ta tayar miki da hankali. Hasken hoton ƙirji ɗaya bai wuce abin da jiki ke sha daga muhalli cikin kamar kwana 10 ba. Sai dai in kina da juna biyu, ko kina zaton haka, ki faɗa kafin a fara. Ki cire sarƙa, ki ɗaure gashi sama, ki bari tarin ya lafa, sannan ki ja numfashin har ƙarshe.