Ina nesa da inda ake yaƙi, me zan iya yi wa waɗanda ake zalunta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce, ban karanci shari'a ba, kuma ba ni da kuɗin da zan ba ƙungiyoyi. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke nake bin labarinsa, ina tura hotuna da bidiyon da na gani a Facebook da WhatsApp. Wata ƙawata ta ce wahalar banza nake yi, har ma zan iya jefa wani cikin haɗari. Da gaske ne? In haka ne, wane aikin sa-kai irina za ta yi da zai amfani mutanen da ke cikin yaƙi ko ƙarƙashin mulkin danniya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan damuwa. Ƙawarki ta yi gaskiya a kan haɗarin, amma ban yarda da ita ba a kan cewa wahalar banza ce.

A shekarar 1973 gwamnatin sojan Brazil ta kama wani malamin jami'a mai suna Luiz Basilio Rossi. A wancan lokacin wanda aka kama irin haka yakan ɓace, a azabtar da shi, wani lokaci ba a sake jin ɗuriyarsa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty International ta aika wa magoya bayanta saƙon gaggawa na farko a tarihinta, ta ce su rubuta wa hukumomin ƙasar wasiƙu. Wasiƙu suka yi ta kwarara daga ƙasashe daban-daban, kuma an sake shi a watan Oktoban shekarar. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa da ya gane duniya ta san da zamansa, ya san ba za a iya kashe shi ba. Waɗanda suka rubuta wasiƙun yawancinsu ba lauyoyi ba ne. Abin da suka yi shi ne suka sanar da mai tsaron kurkuku cewa akwai masu tambayar mutumin nan da sunansa. Azzalumi ya fi sakewa a kan wanda babu mai cigiyarsa, kuma a nan ne aikin mutum irinki yake da tasiri. Ba kowace wasiƙa ke buɗe ƙofar kurkuku ba, wani lokaci iyakar abin da take samarwa shi ne a bar fursuna ya ga likita ko iyalinsa. Ga wanda ke ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun haɗari, wanda nake so ki tsaya a kansa sosai. Bidiyon da ya nuna fuskar wanda ya ba da shaida, ko ƙofar gidansa, ko sunan unguwarsu, zai iya zama jagora ga masu nemansa. Hoton da aka ɗauka da waya sau da yawa yana ɗauke da bayanin wuri da lokacin da aka ɗauke shi a ɓoye cikinsa. Mata da aka ci zarafinsu kuwa, yaɗa fuskokinsu ƙarin rauni ne a kan wanda suke fama da shi, kuma su za su zauna da abin bayan ke kin wuce zuwa wani labarin. Don haka kafin ki tura komai, ki tambayi kanki: shin mai wannan fuska ya yarda a nuna shi? In ba ki sani ba, kada ki tura. Haka kuma akwai tsofaffin bidiyoyi daga wata ƙasa da ake liƙa musu sabon suna. Duk lokacin da aka kama ƙarya ɗaya, masu laifi sun sami abin fakewa su ce sauran ma ƙarya ne.

Hujjar da aka adana da kyau ita ce ke kai wa kotu. Wani mai ɗaukar hoto na sojan Siriya da aka sani da laƙabin Kaisar ya fitar da dubban hotunan gawarwakin fursunoni a 2013. Shekaru suka wuce, sannan a Janairun 2022 wata kotu a birnin Koblenz na Jamus ta yanke wa tsohon jami'in leƙen asirin Siriya Anwar Raslan ɗaurin rai-da-rai, kuma waɗannan hotuna na cikin shaidun da aka gabatar. Ke ma in kin ci karo da abin da kike ganin shaida ce, ki ajiye asalinsa ba tare da yankewa ko ƙara rubutu a kai ba, ki rubuta inda kika same shi da ranar, ki miƙa wa ƙungiyar da ta ƙware wajen tantancewa. Wannan ya fi tura shi zuwa zauruka ashirin amfani nesa ba kusa ba.

Aikin da za ki iya shiga yana da yawa. Amnesty na gudanar da gangamin rubuta wasiƙu duk watan Disamba, daidai da ranar 10 ga wata da aka amince da Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na Duniya a 1948. Ta kuma taɓa tara 'yan sa-kai ta intanet a 2016 suka duba hotunan tauraron ɗan adam don gano ƙauyukan yankin Darfur na yammacin Sudan. In kina jin harshe fiye da ɗaya, fassara babban taimako ce. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana da kwamiti tun 1980 mai karɓar ƙorafi kan mutanen da hukuma ta ɓatar. Yana buƙatar cikakken sunan mutumin, ranar da wurin da aka ganshi na ƙarshe, waɗanda ake zargi, da yardar iyalinsa. Iyalai da yawa ba su san da wannan ƙofa ba, ko ba su iya cike takardar ba, kuma malama kamarki za ta iya zama da su ta cike.

Tun da Sudan ce ta tsaya miki a rai, ki sani cewa tun bayan ɓarkewar yaƙin ranar 15 ga Afrilun 2023, matasan unguwanni sun kafa ɗakunan agajin gaggawa, suna dafa abinci ga jama'a, suna kwashe masu rauni, wasunsu sun rasa rayukansu a kan wannan aiki. Su ne suka san abin da ake bukata da abin da faɗinsa zai jawo musu masifa. Ki saurari abin da suke roƙo, ki maimaita shi yadda suka faɗa, kada ki yi magana a madadinsu.

Shawarata ita ce ki zaɓi mutum ɗaya ko yanki ɗaya ki riƙe shi shekara guda, ki san labarinsa ciki da waje, ki rubuta wasiƙa cikin ladabi duk wata ko da ba a ba ki amsa ba. Ki kuma rage kallon bidiyon kisa, musamman da dare, domin yana hana barci yana kashe zuciya, kuma ba sai kin kalla ba kafin ki rubuta wasiƙar.