Gidan Gado: Shekara 11 Takarda Tana Ɗauke da Sunan Baba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Mahaifinmu ya rasu shekara 11 ke nan. Ya bar mahaifiyarmu da mu 'ya'yansa biyar, maza biyu mata uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayensa sun riga shi rasuwa. Babban abin da ya bari gida ne guda, kuma har yau ba a raba ba, takardun ma da sunansa suke. Babban yayanmu yana zaune a ciki da iyalinsa tare da Mama. Shi ya sake rufin gidan, shi ne kuma yake karɓar kuɗin hayar ɗakuna biyu na waje. Bara ɗaya yayan namu ya rasu, ya bar mata da yara biyu ƙanana, namiji da mace. Duk sanda na ɗauko maganar sai Yaya ya ce so nake a sayar da gidan Baba a watsa zumunci. Wallahi ba sayarwa nake so ba, so nake kowa ya san nasa, a rubuta. Ta ina za mu fara?

Daga ɗaya daga cikin magada

AMSA

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba da yayanki, ya raya abin da suka bari.

Gidan nan ya bar hannun Baba tun ranar da ya cika. Da zarar an fitar da hidimar jana'iza, an biya bashin da ake binsa, an zartar da wasiyya idan ya bari, kowane magaji ya mallaki rabonsa, ko an auna ko ba a auna ba. Saboda haka kada ki ji kamar kin zo da fitina. Takarda ce ta tsaya a baya shekara 11, ke kuma kina so ta tarar da gaskiyar da ke ƙasa.

Bari in nuna miki abin da jinkirin ya riga ya jawo, da lissafin gidanku. Ranar da Baba ya rasu, rabon mai sauƙi ne ƙwarai. Aya ta 12 a Suratun Nisa'i ta ba matar mamaci tumuni, wato ɗaya bisa takwas, idan yana da 'ya'ya, aya ta 11 kuma ta ba ɗa namiji kwatankwacin rabon mata biyu. Sai a kasa gidan kashi 8: Mama kashi 1, kowane namiji kashi 2, kowace mace kashi 1. Ko yaro ya iya wannan lissafin.

Da yayanku na biyu ya rasu, kashi 2 ɗin nan nasa, wato rubu'in gidan, ya zama sabon gado a cikin tsohon gado. Malaman gado suna kiran wannan munasakha. Mama za ta sake cin gado, sudusi, wato ɗaya bisa shida, a matsayin uwa, matarsa ta ci tumuni, ragowar ya tafi ga yaransa, namiji biyu mace ɗaya. Ku 'yan'uwansa ba ku da komai a ciki tunda ya bar ɗa namiji. Don lissafin ya fita ba tare da gutsure ba, sai an kasa gidan kashi 288. Mama 48, Yaya 72, ku mata uku 36 kowacce, matar marigayi 9, ɗansa 34, 'yarsa 17. Mutuwa ɗaya tak ta mai da 8 ta zama 288. Ta kuma shigo da matar da gobe za ta iya yin aure a wani gida, da marayu biyu da ba su isa sa hannu a takarda ba. Alƙali ne zai tabbatar da wannan lissafin bayan ya ji shaidu cewa babu wani magajin da aka manta, amma bisa abin da kika rubuto haka yake.

Na ga wannan a cikin danginmu kafin in gan shi a wajen aiki. Kakanmu ya bar gona, 'ya'yansa suka ji kunyar juna suka bar ta haka. Da muka zo gyarawa, mu jikoki, duk 'ya'yan nasa sun rasu, cikin magada har da waɗanda ban taɓa haɗa ido da su ba. Iyayenmu da sun gama da wuni ɗaya a tabarma ɗaya. Mu sai da muka yi ta bin gidaje muna neman sa hannu, kuma akwai gwaggonmu da ta rasu cikin rashi alhali tana da rabo a gonar. Ita nake tunawa duk sanda wasiƙa irin taki ta zo hannuna.

Ciwon ba na al'umma ɗaya ba ne. A Japan an ƙiyasta cewa a 2016 filayen da aka kasa gane masu su sun kai kusan hekta miliyan 4.1, sun fi tsibirin Kyushu faɗi, kuma babban dalili shi ne magada ba sa zuwa su sauya suna. Abin ya kai ga tun 1 ga Afrilu 2024 doka ta wajabta wa magaji ya yi rajista cikin shekara 3 da sanin ya gaji, in ya ƙi ba da uzuri ba a iya cin sa tarar da ta kai yen 100,000. A jihohin kudancin ƙasar Amurka iyalai baƙar fata da yawa sun rasa gonakin kakanninsu ta wannan ƙofar: baƙo ya sayi rabon jika ɗaya, ya je kotu ya nemi a raba, kotu ta sa a yi gwanjon gonar gaba ɗaya.

Yanzu ga aikin. Ku fara da tara takardu: shaidar mutuwar Baba, shaidar mutuwar yayanku, asalin takardar mallakar gidan da duk wata takardar ciniki ko ta awo da ke tare da ita. Ki nemi ki gan su da idonki, ki ɗauki kwafi. Daga nan a je ofishin rajistar filaye a binciki fayil ɗin gidan. Wannan binciken mutane suka fi tsallakewa, alhali shi yake nuna ko Baba ya taɓa jinginar da gidan, ko akwai harajin ƙasa da ya taru, ko ma sunan wanda ya sayar masa ne har yanzu a littafi. Idan bashi ya fito, shi ake fara biya. Ayoyin gado sun yi ta maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi.

Sai kotun da ke da hurumin gado. Can za a tabbatar da mutuwa, a lissafa magada da sunayensu, a yanke wa kowa rabonsa, a kuma tsayar da wanda zai tsaya wa marayu. Kotu za ta sa masana su yi wa gidan kuɗi. Ina ba ku shawara a yi ƙimar da farashin yau, kuma mai ƙimar ya kasance ba shi da alaƙa da kowa a cikinku.

Maganar Yaya tana buƙatar adalci ta fuska biyu. Rufin da ya yi ba za a ci masa ba. Ya kawo shaidar abin da ya kashe a lissafa masa. Kuɗin haya kuwa na magada ne duka, kowa gwargwadon rabonsa. Mai yiwuwa a kan Mama da gyaran gidan yake kashe su, kuma idan haka ne ya cancanci godiya. To a faɗa, a rubuta. Ku manya kuna iya yafe naku idan kun ga dama. Na marayu kuwa babu mai ikon yafewa, ko Mama, ko mahaifiyarsu. Tun bara duk kuɗin hayar da ya shigo akwai haƙƙin yaran nan a ciki, kuma aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu. Idan za ki sake yi masa magana, ki fara da wannan. Ki ce masa kina tsoron ya je lahira da nauyin da bai san ya ɗauka ba. Ki kuma tafi da wani babba da yake jin nauyinsa, kawu ko baffa, don kada zancen ya zama na ƙanwa da wa.

Tsoronsa na sayarwa ma ki ɗauke shi da gaske, ki nuna masa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan gidan yana da faɗin da zai rabu ba tare da ya lalace ba, safiyo ya auna a yanka. Idan ba zai rabu ba, wanda yake da hali ya sayi rabon sauran da farashin da aka ƙiyasta, ko da biya kaɗan-kaɗan ne a rubuce, gidan ya zauna a hannun jinin Baba. Kuna kuma iya barin sa a haɗe, a rubuta sunayenku duka da kason kowa, ku yi yarjejeniya a kan wa zai zauna, wa zai karɓi haya, yaya za a raba ta. Mama yanzu tana da 48 cikin 288, sudusin gidan cif, don haka ba alfarma ake yi mata ba, kuma kuna iya rubuta cewa za ta zauna a ɗakinta iyakar rayuwarta. Sayarwa ga bare ita ce ta ƙarshe. Sai dai Yaya ya sani cewa ba shi da ikon tsare kowa har abada. Risalar Ibn Abi Zaid, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa a sarari cewa abin da ba ya rabuwa sai da cutarwa, idan ɗaya ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi. Dokar farar hula ta Faransa ma, a sashe na 815, ta ce ba a tilasta wa kowa ya dawwama cikin tarayyar dukiya. Idan kuma wani cikinku ya sayar da rabonsa ga bare kafin a raba, sauran suna da shufa'a, wato su biya farashin su karɓe. Bukhari ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya yi hukunci da shufa'a a duk abin da ba a raba ba.

Akwai wata dabara da za a iya kawo miki, ina roƙon ki kada ki yarda da ita. Za a ce don sauƙi a mai da takardar da sunan Yaya shi kaɗai, tunda shi ne babba kuma kowa ya amince da shi. Ba na zargin amanarsa. Amma shi ma mai mutuwa ne, kuma ranar da ya faɗi, 'ya'yansa za su buɗe akwati su ga gida da sunan ubansu. Banki ma abin da zai gani ke nan, mai saye ma haka. Ke kuma a lokacin sai kin nemo shaidun zaman da aka yi shekaru da suka wuce, wataƙila rabinsu suna kabari. Idan wakilci za ku ba shi don ya bi takardu, a rubuta iyakarsa: bin rajista kaɗai, ban da sayarwa, ban da jingina. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, ko wadda aka bar gurbi a cikinta.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi bari a hanya. Mutane suna karɓar takardar hukunci daga kotu su ajiye, su ɗauka an gama. Hukuncin ya faɗi mai gida, amma littafin ofishin filaye yana nan da sunan mamaci har sai an kai musu. A ɗauki hukuncin da shaidar mutuwa da asalin takardar mallaka da shaidar kowane magaji, a cike takardar neman sauya suna, a biya kuɗin da doka ta sa, a karɓi rasit. Kowace ƙasa da sharaɗinta. A Najeriya, alal misali, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta hana a yanka filin da gwamna ya ba da takardarsa zuwa kashi biyu ko fiye saboda gado sai da yardar gwamnan, don haka yankan da aka yi a tsakar gida bai wadatar ba. Ku ɗauki lauyan da ya saba da ofishin filayen inda gidan yake, ku raba kuɗin aikin gwargwadon rabon kowa. Ranar da sabuwar takarda ta fito, kowane magaji ya riƙe kwafi, har da mahaifiyar marayun.

TAMBAYA

Barista, barka da aiki. Kafin mahaifinmu ya rasu ya sha faɗa a gaban mutane cewa ya ba ni filinsa. Bai rubuta ba, kuma shi ya ci gaba da noma shi har ya kwanta ciwo. Yanzu 'yan'uwana sun ce sai an sa shi cikin gado. Suna da gaskiya?

Daga wani ɗalibi

AMSA

Ɗana, Allah ya gafarta masa. Na san amsar ba za ta yi maka daɗi ba, amma a mazhabar Malikiyya 'yan'uwanka suna da gaskiya. Kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Idan ya rasu ba a karɓa ba, abin ya koma gado. Idan kuma aka ɗauki maganar tasa a matsayin wasiyya, hadisi ya ce babu wasiyya ga magaji, sai fa in sauran magada sun amince.

Akwai togaciya ɗaya: idan kana ƙaramin yaro lokacin da ya yi kyautar kuma ya kafa shaidu, riƙon da uba ya yi wa ɗansa ƙarami yana iya zama hauzi. In haka ne, ka kai shaidunka gaban alƙali ya duba. In kuwa ka riga ka balaga, ka bar filin ya shiga gado, sannan ka roƙi 'yan'uwanka, tunda sun ji maganar daga bakinsa, a yi wa filin kuɗi a sa shi cikin rabonka, ka cika musu abin da ya hau.