Garin albasar da ya ci mini fili

Ka tambaye ni jiya a bakin sito, ina tsaka da lissafi da direban tirela, shi ya sa ban kula ka ba. Ka ce wani kamfani a Indiya ya aiko maka da samfurin garin albasa, fari tas, farashi kuma ƙasa da na kowa, sun ce ka tura kason farko na kuɗi su loda, takardu a bi su a hankali kaya na kan ruwa. Kana so ka ji ko ka tura.

Kada ka tura. Zauna ka ji dalili, ka kuma ajiye wayar nan a aljihu.

Maganar buɗe Fom M a banki, wato takardar bayyana kayan da za ka shigo da su, da jiran PAAR, rahoton kimanta kaya daga kwastam, ba zan ɓata bakina a kai ba. Shekara huɗu kana bina, in har yanzu ba ka san wannan ba to ka koma ɗaukar kwali. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar nan da ka faɗa, wai takardu a bi su a hankali. Da wannan kalmar aka yanka ni.

Lokacin Babban Banki ya riga ya fitar da jerin kayan nan 41 da ya hana wa dalar gwamnati, a 2015 ke nan, kuma kayan lambu da duk abin da aka sarrafa daga gare su suna ciki. Sai a 2023 aka janye. To a tsakanin nan duk dalar da zan biya daga 'yan canjin Wapa a Kano nake sayo ta, da tsadarta. Ina neman inda zan rage asara, sai ga wani dillali da na sani a Legas, mutumin da muka sha cin abinci kwano ɗaya. Ya ce yana da masu busar da albasa a Mahuva, can jihar Gujarat, garin da masana'antun wannan sana'a suka taru. Ya kawo samfur a 'yar leda. Wallahi kamar madarar gari. Ka shaƙa sai hawaye. Ya haɗo da takardar gwaji mai hatimi, danshi bai kai kashi 6 cikin 100 ba, ƙwayoyin cuta duk a ƙasa da iyaka. Ni kuma ina da wata masana'antar kayan ɗanɗano da ke jiran kwantena guda mai ƙafa 20, sun ma ba ni wani abu a hannu.

Na ce masa izinin hukumar killace kayan gona fa, NAQS? Ya yi dariya, ya ce Alhaji busasshen kaya ne, ai ba ɗanyen iri ba ne, wa zai tambaye ka? Na ce na NAFDAC fa, hukumar kula da abinci da magunguna? Ya ce jirgi zai fi wata guda a ruwa, kafin ya iso Apapa an gama. Na san ƙa'ida sarai: izini ake fara karɓa kafin kaya su bar ƙasarsu, can kuma hukumarsu ta ba da takardar lafiyar tsirrai. Na sani, amma araha ta rufe mini ido.

Kaya suka iso a tsakiyar damina. Izini bai fito ba, don shi dillalin ko takardar nema bai shigar ba. Muka fara daga farko. Kai ba ka taɓa ganin yadda kuɗin kwana ke tafiya ba: kamfanin jirgi na ƙirga nasa a kan kwantena, masu tasha na ƙirga nasu a kan filin da ta zauna, babu ruwansu da Asabar ko Lahadi. Kullum na farka sallar Asuba na san an ƙara mini bashi tun ban yi alwala ba.

Ranar da aka buɗe don dubawa ina tsaye a wurin. Wata jami'a ta ɗauki takardar gwajin a hannun hagu, ta sunkuya ta karanta jikin kwali, ta sake duba takarda, ta ɗago ta kalle ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, Alhaji, lambar rukunin kayan da ke kan takardar nan ba ita ce a jikin kwali ba. Takardar ta wani kaya ce daban, mai yiwuwa wanda aka ɗebo mini samfur daga ciki. Can ƙuryar kwantena kuma akwai kwalayen da ko ranar sarrafawa babu a jikinsu. Ban ga laifinta ba, har gobe. Aikinta ta yi. Aka ɗebi samfur zuwa ɗakin gwaji, muka koma jira.

Ga abin da ku yaran yanzu ba ku sani ba, don a hoto kuke ganin kaya: garin albasa mayen ruwa ne. Ka bar shi a buɗe a Legas na yini ɗaya, ya sha iska ya dunƙule. Shi ya sa mai gaskiya yake zuba shi a leda mai kauri ninki biyu, a liƙe baki da wuta, kafin a sa a kwali. Nawa leda ɗaya ce, siririya irin ta ƙullin gishiri, an ɗaure da roba. Kwantena kuwa da rana tanda ce, da dare rufinta ya yi gumi ya riƙa ɗiga a kan kwalayen sama. Da aka sake mini abin da aka saka, na sa wuƙa na farke kwali ɗaya, sai ga curi guda kamar bulo, ya koma ruwan ƙasa. Na buga shi da ƙasa bai fashe ba. Na sahun sama sun yi fumfuna, waɗannan lalata su aka yi, kuma ni na biya kuɗin lalatawar. Masana'anta ta ce ba ta karɓa, a dawo mata da kuɗinta. Sauran sai turmi da taɓarya, na sa mata suna dakawa ina sayar wa masu yaji mudu-mudu. Filina na hanyar Zariya, wanda na ajiye don in gina wa Hajiya, shi ya tafi.

Dillalin? Waya a kashe. Bayan shekara biyu na gan shi a wurin ɗaurin aure cikin shadda mai maiƙo, ya miƙo mini hannu biyu yana Alhaji kwana da yawa. Na karɓa don idon jama'a. Har yau in na tuna sai in ji ɗaci a maƙogwarona.

Abin haushi ma, albasar Aliero da ta Sakkwato tana ruɓewa a rumbu duk shekara, mu kuma muna ƙetare teku muna sayo garinta. Iyayenmu sun iya kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa tun kafin a haifi kakanka, injin busarwa mai tsafta ne kawai ya gagare mu. Amma ku ba wannan ne a gabanku ba, ku dai a ce an shigo da kwantena a ɗora hoto a WhatsApp.

To ka rubuta musu yau. Ka ce sai izininka na NAFDAC da na NAQS sun fito, an amince da Fom M, sannan a yi maganar lodi. Ka ce samfurin da za ka yarda da shi sai wanda aka ɗebo daga ainihin rukunin da za a loda, kuma ɗakin gwaji mai zaman kansa ne zai ɗiba, ba ɗan'uwan mai kamfani ba. Lambar rukuni ta zama ɗaya a takardar gwaji, a jikin kwali, a jerin kaya. Su turo hoton kwali da sunan masana'anta da adireshi da ranar sarrafawa da ranar lalacewa, da Turanci. In tafarnuwa ce daga Jinxiang ta China, ka sa a auna maka sinadarin farar wuta, don da shi wasu ke ƙara mata fari. In barkono ne, a duba gubar fumfuna, aflatoksin. Ledar ciki kuwa a rubuta ninkinta a yarjejeniya.

Wannan samfurin da ke hannunka, juye shi a faranti ka ajiye kusa da randa, ka kawo mini shi jibi bayan La'asar in murza da yatsana. Ka kuma taho da sunan wanda ya haɗa ka da su.